Hazo a Gilashin Auta

Auta ta yaye ƙyallen da ta lulluɓe akwatin da shi, sai ta ƙwalla ƙara.

"Wayyo Allah na!"

Gilashin gaban akwatin ya yi fari fat, kamar an shafa masa alli ta ciki. Jiya da ta manne shi garau yake, har tana ganin fuskarta a jikinsa. Yau ga shi babu abin da ido ke iya hangowa. Ba kujera, ba taga, ba ƙofa, ba 'yan mutanen da ta ƙera da yumɓu, waɗanda kowannensu bai fi tsawon yatsanta ba.

Ta sa gefen mayafinta ta goge.

Bai fita ba.

Ta hura masa iska ta sake gogewa. Hazon yana nan daram, don daga ciki yake, ita kuwa ta riga ta rufe akwatin ruf.

Ƙofar ɗakin ta bugu da bango. Baba ne ya faɗo ciki, ba takalmi, hula a karkace, akwatin magani a hammata.

"Kin yanke? Ina ne? Nuna min hannun!"

"Baba, ba yankewa na yi ba..."

"Ɗaya hannun fa? Juyo shi!"

Sai da ya duba yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar babu jini, sannan ya sauke numfashi ya jingina da bango. Idonsa ya sauka a kan akwatin. Ya daɗe yana kallon farin gilashin, ya girgiza kai.

"Aikin mutumin naki ke nan ko? Ga shi tun ba a je ko'ina ba ya nuna halinsa."

"Baba, don Allah..."

"Ni ban ce komai ba. Zai zo da la'asar, zan ba shi amsarsa."

Ya fita. Auta ta zube a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa, kuka ya ƙwace mata.

Duk wanda ya san Baba ya san ba mugu ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa. Shekarunsa na ƙarfi duk a kan sitiyarin motar asibiti ya ƙarar da su, kuma abin da ya ɗauko daga titi a tsawon shekarun nan bai taɓa barin idonsa ba. Tun da Umma ta rasu ya ajiye aiki, ya tattara dukan tsoronsa ya ɗora a kan 'yar autarsa. Wuƙaƙen kicin ma ya bi ya dasashe bakinsu. Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune tare da su, kullum cikin mita take.

"Wuƙar gidan nan, ko ayaba za ka yanka sai ka roƙe ta!"

Ita kuwa Auta, sai Allah ya ɗora mata sana'ar da ba ta rabuwa da reza. Ƙananan gidaje take ƙerawa da kwali da siririn katako da waya, ta sayar wa masu son adon falo. Baba ya yi faɗa har ya gaji, ya koma zama kusa da ƙofarta da filasta a aljihu.

Amma wannan akwatin daban yake. Ba na sayarwa ba ne.

Akwai wani littafin labari a gidan, bangonsa ya daɗe da cirewa, kowa "littafin Umma" yake ce masa. Da yamma Umma kan zauna ta karanta wa Baba shi a bayyane, don shi karatu yana gajiyar da idonsa. Labarin 'yar wani dattijo mai ɗinkin takalma ne, wadda ta so matuƙin jirgin ruwa. Uban ya hana, daga baya ya bari ba da son ransa ba. Ran da ta bi mijin za su haye ruwa, hadari ya taso, jirgi bai dawo ba, dattijo ya koma zama gaban taga da fitila a kunne.

Daidai nan ciwo ya kwantar da Umma. Tsinken tsintsiyar da ta sa alama da shi har yau yana shafin.

Sau nawa Auta ta ce, "Baba, bari in ƙarasa maka."

"Na san ƙarshen," shi ne amsarsa kullum. "Irin wannan ƙarshen na sha ɗaukowa a mota."

Ita ta karanta, ta san ba haka ba ne. In ta buɗe baki za ta faɗa, sai ya miƙe ya bar wurin. Shi ya sa ta ce, tunda kunnensa ya ƙi, bari ta gwada idonsa. Za ta gina masa shafin ƙarshe a cikin akwati.

Ta yi watanni a kai. Ta karanta babin har ta haddace, tana zana ɗakin dattijon a takarda tana gogewa. Ta fara ƙera shi kansa dattijon, sannan ta auna komai da tsawonsa: ƙofa ta ɗan ɗara shi, tebur ya tsaya masa a ƙugu. Da tsinken ashana ta yi ƙafafun kujera. Fatar tsohuwar jaka ta yanka ta ɗinka 'yan takalma da sai da hantsaki ake ɗaukarsu. Labulen taga kuwa daga gefen tsohon mayafin Umma ta ciro shi. Littafin bai faɗi kamannin kujerar dattijon ba, sai ta kwaikwayi ta Baba, har da ƙafar nan ɗaya da aka ɗaure da waya.

Taga ce ta gagare ta. Ta gwada leda, ta yi kamar leda. Ta gwada roba, haske ya ƙi wucewa yadda take so. Dole sai gilashi na gaske.

Neman gilashin ne ya kai ta wani shago a bakin titi. Da ta ce tana son a yanka mata guntaye kamar farcen babban yatsa, matar da ke zaune a bayan kantar shagon ta tuntsire da dariya. Gimbiya ake ce mata, don ko ƙura ba ta yarda ta taɓa hannunta. 'Yar kawun mai shagon ce, kuma duk layin sun san a kansa idonta yake.

Shi mai gilashin bai yi dariya ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kalli zanen Auta da kyau.

"Tagar, ruwa take kallo ko hanya?"

"Ruwa."

"To ashe dole ta zama garau. Mai jiran wani ba ya son taga mai duhu."

A ranar zuciyar Auta ta fara wani irin bugu da ba ta saba da shi ba.

Ya ari littafin ya karanta, wai don ya san tagar da yake yankawa. Daga taga aka koma hira, daga hira ya fara kiranta "Maginiyata", ita kuma in ba kowa kusa takan ce "Mai gilashina" a hankali, tana rufe fuska.

Ran da ya zo gaida Baba, ya durƙusa ya yi gaisuwa cikin ladabi. Baba bai kalli fuskarsa ba. Hannuwansa ya ƙura wa ido: kan yatsun duk filasta, wasu ma da sabon jini a jiki.

Bayan ya tafi Baba ya ce, "Mutumin da bai iya tsare yatsunsa ba, shi zai tsare min 'ya? Ni na san abin da gilashi ke yi wa mutum. Littafin uwarki ma ya gaya miki ƙarshen mai bin irin waɗannan."

Gwaggo ce ta matsa masa har ya yarda ya sa rana, ya ce yaron ya zo ya ji magana ta ƙarshe. Ranar ita ce yau. Dabarar Auta ita ce, kafin Baba ya buɗe baki ta ajiye masa akwatin a gaba, ta kunna 'yar fitilar da ke ciki.

Ga shi fitilar ma ba za a gan ta ba.

Tana zaune a ƙasa, sai wata magana ta dawo mata. Shekaranjiya Gimbiya ta zo gidan, fuska cike da fara'a, ta miƙo mata 'yar kwalbar gam.

"Yaya ne ya ce in kawo miki. Nan take yake kamawa."

Ta zauna ta sha ruwa, ta gaida Baba, har tana ba shi labarin shago. "Ai Baba, Yaya kullum cikin jini yake. Ni har na saba." Da za ta fita kuma ta ja Auta gefe ta rage murya.

"Ni dai tausayinki nake ji. Gilashin da ya ba ki ragowar shago ne, wanda ya daɗe a bayan ƙofa. Mai kyaun wata ya ajiye wa... amma ki rufa min asiri."

A lokacin Auta ta yi dariya ta watsar. Yanzu da take kallon farin gilashin, maganar ta zauna mata a ƙirji kamar dutse.

Ta ɗauki waya, hawaye na ɗiga a kanta, ta rubuta: "Kada ka zo. Gilashin ya lalace. Komai ya lalace."

Ta kashe wayar.

Rana ba ta kai tsaka ba aka buga ƙofar gida kamar za a ɓalla ta. Gwaggo ta buɗe. Mai gilashi ne, yana haki, rigar aiki a jikinsa, jakar kayan aiki a kafaɗa. Bayansa ga Gimbiya, wai rakiya ta yo.

Ya durƙusa gaban Baba a falo. "Baba, ka gafarce ni, na zo kafin lokaci. Ta ce gilashi ya lalace... fashewa ya yi? Ta ji ciwo?"

Baba ya ɗan ɗago. Wannan tambayar ya san ta, tasa ce. Amma ya ɗaure fuska.

"Lafiyarta lau. Auta! Fito da shi ya ga aikinsa."

Ta fito da akwatin ta ɗora a kan tebur, idanunta sun kumbura. Ba ta kalle shi ba.

"Maginiyata..." ya faɗa a hankali, sai ya tuna inda yake, ya haɗiye sauran.

Ya sunkuya ya duba gilashin ta gefe. Ya kai hancinsa bakin katakon ya shinshina. Ya ɗago da sauri.

"Wane gam kika sa?"

"Wanda ka aiko."

"Ni? Ai ban aiko da gam ba."

"Gimbiya ta kawo. Ta ce kai ka ce."



Ya juya ya kalli 'yar kawunsa. Bai ɗaga murya ba. "Gimbiya, ba wannan ne gam ɗin da na hana a shigo da shi shago ba? In aka rufe shi a akwati yana ɗanye, tiririnsa sai ya kwanta a gilashi ya mai da shi fari. A gabanki ya ɓata mana madubin mutane."

"Yaya, ni... na manta ne. Taimako na yi niyya."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ikon Allah! Kin manta gam, amma ba ki manta hanyar gidanmu ba. Har da tsarabar labari kika kawo wa yayana. To sannu da taimako, 'yar nan. Ga ƙofa can, ita ba ta da hazo, za ki gan ta sarai."

Gimbiya ta ja mayafi ta fice, ko sallama babu.

Auta ta ji kamar an sauke mata kaya daga ka. Ta ɗago ta kalle shi karo na farko, kunya ta rufe ta.

"Na zata... ta ce min ragowar shago ka ba ni."

"Ragowa? Ke?" Ya yi ɗan murmushi mai ciwo. "Haba, Auta."

Baba ya yi gyaran murya. "Ko wa ya kawo gam, abu dai ya ɓaci. Kuma ba gam ne ya yanka maka yatsu ba."

"Gaskiya ne, Baba. Amma cikin bai ɓaci ba. In ka yarda, zan cire gilashin. Sai dai gam ɗin ya kama sosai, zai iya tsagewa."

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Gwaggo ta ce, "Cire, ɗana."

Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa da kan tebur. Ya ce wa Auta ta ja baya. Ta ja. Ya ce ta ƙara. Baba ya taso zai matso ya ga abin da ake yi, sai mai gilashi ya ɗaga hannu da sauri.

"Baba, tsaya! Ba takalmi a ƙafarka!"

Baba ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama.

Tun da Umma ta rasu, shi ke ce wa kowa ya yi hankali. Ba wanda ya taɓa ce masa. Ya kalli ƙafarsa kamar yau ya fara ganinta. Gwaggo ta turo masa silifa tana danne dariya, ya zura ba gardama.

Mai gilashi ya zaro siririyar reza ya fara bin bakin gilashin a hankali, yana raba shi da katako. Auta ta dafe ƙirji. Ya gama gefe ɗaya, ya gama na biyu. Da ya zo kusurwar sama, sai aka ji ƙas!

Tsaga ta ratsa gilashin daga sama har ƙasa.

Rabin ya karkata zai faɗa ciki, kan 'yan mutanen Auta. Kafin kowa ya yi motsi, ya tura hannunsa ta ɓarakar ya tare shi da tafinsa, ya turo shi waje.

"Wayyo, hannunka!" Auta ta yi ihu.

Jini ya biyo tsintsiyar hannunsa. Shi kuwa cikin akwatin yake leƙawa.

"Ba abin da ya taɓa su. Kada ki matso, akwai ɓurɓushi."

Baba bai san lokacin da ya buɗe akwatin magani ba. Tsohon aiki ya dawo masa hannu. "Zauna nan. Ɗaga hannun sama. Sama na ce, ya wuce ƙirjinka! Gwaggo, ruwa." Ya wanke, ya danne da auduga, ya duba. "Bai yi zurfi ba. Allah ya taimake ka." Ya fara naɗa bandeji yana faɗa. "Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Dubi yatsun nan! Kamar an yi yaƙi a kansu."

Suna cikin haka Auta ta hango 'yar tagar cikin akwatin ta ɓalle da girgizar, guntun gilashinta ya faɗo bakin tebur. Ba ta yi tunani ba ta kai hannu ta ɗauka.

"Ajiye!" Baba ya daka tsawa. Ya saki bandeji ya fizge shi daga hannunta.

Ya tsaya.

Ya murza guntun tsakanin yatsunsa biyu. Ya sake murzawa. Ya bi bakinsa da ɗan yatsa, gefe bayan gefe, yana jiran ya ji kaifi. Babu. Sumul yake kamar tsakuwar da ruwa ya daɗe yana wankewa.

Ya ɗauki rabin babban gilashin da ke kan jarida, ya shafa bakinsa na asali, ba wajen tsagar ba. Shi ma sumul.

"Wa ya kashe masa kaifi?"

"Ni ne, Baba. A kan dutse nake gogawa, da ruwa."

"Wannan ɗan mitsitsin? Da me ka riƙe shi?"

"Da yatsa. Ba abin da ke riƙe shi in ba yatsa ba. Kafin bakin ya mutu yakan ɗan ciji mutum."

"To don me? Abin da za a rufe a akwati, wa zai taɓa shi?"

Mai gilashi ya sunkuyar da kai. "Ita, Baba. Lokacin da za ta sa shi."

Baba ya kalli yatsun mai gilashin, masu filasta da sababbin tabo. Ya juya ya kalli na 'yarsa, waɗanda ya duba da safe bai sami ko ƙwarzane ba, alhali ta yi makonni tana juya gilashi. Ya koma ya ƙarasa naɗa bandejin, amma wannan karon a hankali, kamar mai naɗa wa jariri.

Mai gilashi ya nemi tsumma mai laima. Da hannu ɗaya ya durƙusa ya bi ƙasan falon yana dannawa, har ƙarƙashin kujera, har inda ɓurɓushi ba zai taɓa kaiwa ba. Baba yana tsaye a kansa yana nuna masa. "Can ma... bayan ƙafar tebur." "Na gani, Baba." Gwaggo ta kalli Auta ta ɗaga gira.

"Allah ya haɗa su," ta raɗa mata.

Da suka gama, Auta ta share hawaye. Ta mai da 'yar tagar mazauninta da hantsaki, ta juyo da akwatin ya fuskanci kujerar Baba.

"Baba, zauna. Don Allah, kallo kawai za ka yi."

Ya zauna. Ta danna maɓalli a bayan akwatin.

'Yar fitila ta kama a kan taga.

Ga ɗakin dattijo mai ɗinkin takalma. Ga takalma jere a kan wata 'yar kanta, ga labule mai launin da Baba ya gane nan take, har ya kai hannu bakinsa. Ga kujera mai ƙafa ɗaure da waya. Amma dattijon ba ya kan kujerar. Ya miƙe tsaye, hannuwa a buɗe, takalmin da yake ɗinki ya faɗi a ƙasa.

Ƙofa a buɗe take. A bakinta ga 'yarsa, da ranta, da murmushinta. Bayanta ga matuƙin jirgi, an naɗe tafukan hannunsa biyu da farin ƙyalle.

"Ta dawo?" in ji Baba.

"Ta dawo, Baba. Jirgin ya fashe, amma mijin ya ɗaura ta a katako, ya riƙe igiyar bai saki ba har suka kai waccan gaɓar. Igiyar ce ta cinye masa hannu. Sai da ya warke suka samu hanyar gida."

"Shafi nawa ya rage daga inda uwarki ta tsaya?"

"Kaɗan ne."

Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Hawaye suka gangaro cikin furfurar gemunsa, bai share ba.

"Duk shekarun nan," ya ce, "na bar bawan Allah yana zaune gaban taga... ashe ni ne na hana ta shigowa."

Gwaggo ta juya tana gyaran ɗankwali da bai kwance ba.

Can Baba ya ja dogon numfashi, irin wanda Auta ta daɗe ba ta ji ya yi ba. Ya kalli hannun ɗan mutumin yumɓu, ya kalli hannun da shi da kansa ya naɗe.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Ka ce wa mahaifinka ina son mu gana."

Auta ta rufe fuska da tafukanta, ta durƙushe jikin ƙafar Baba tana kuka tana dariya. "Na gode, Baba! Allah ya ƙara girma!"

"Tsaya, ban gama ba. Akwai sharaɗi." Ya nuna mai gilashi da yatsa. "Safar hannu. Mai kauri. In na sake ganin filasta a yatsunka, na fasa."

"Baba, ƙananan ba sa riƙuwa da safa..."

"To ta daina yin ƙananan tagogi!"

Gwaggo ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

A ranar, kafin rana ta faɗi, Baba da kansa ya ɗauko littafin Umma. Ya zare tsinken tsintsiyar ya sa a aljihun gaba, ya miƙa wa Auta.

"Ɗora daga inda ta tsaya."

An yi auren bayan 'yan watanni. Akwatin yana falon Baba, da sabon gilashi garau mai buɗewa, kuma kullum da yamma shi ke kunna 'yar fitilar.

Wata rana Auta ta zo gida da mijinta. Suna hira ta lura labulen 'yar tagar ya ɗan zare. Ta buɗe jakarta ta zaro reza.

"A hankali!"

Murya biyu ce ta fito lokaci guda, ɗaya daga dama, ɗaya daga hagu. Kowannensu ya riga ya kai hannu aljihu, kowanne ya fito da filasta.

Gwaggo ta leƙo daga kicin, dasasshiyar wuƙa a hannu.

"Auta, sannu. Da ɗaya kike fama da shi, yanzu kin samu biyu."

Auta ta kalli mahaifinta, ta kalli mijinta, ta yi murmushi. Ta miƙa hannu ta karɓi filasta ɗaya daga kowannensu, ta ajiye a gefe, sannan ta yanke zaren.